Daga Tabarmar Kakata Zuwa Ajin Adabi



Ranar da sunana ya fito cikin waɗanda aka ba gurbin karatu a wannan jami'a tamu, na garzaya gida cike da murna. Na tarar da Baba a zaure yana duba huhunan goron da aka sauke masa daga Shagamu. Na durƙusa na gaishe shi, na shaida masa abin da ake ciki. Ya yi hamdala, ya sa mini albarka, sa'an nan ya tambaye ni abin da zan karanta. Na ce masa Hausa.

Ya ajiye goron da ke hannunsa ya dube ni. Da yake ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana, sai ya ce, "Kai, Hausar da kake yi tun kana rarrafe? Me ya rage maka a cikinta?" Na ce ai akwai nahawu, akwai al'ada, akwai kuma adabi, wato su waƙa da wasan kwaikwayo da tatsuniya da ƙagaggun labarai. Da ya ji na ambaci tatsuniya sai ya girgiza kai ya ce, "Ashe ƙarya za ka je ka karanto, ni kuma in biya kuɗin."

A ranar ban sami abin cewa ba. Yanzu ina aji uku, kuma na san da yawa daga cikinmu an yi musu irin wannan tambaya a gida, ko da wane harshe suke nazari. Shi ya sa na ga ya dace in kawo tawa amsar a wannan mujalla tamu, daga abin da ya faru da ni.

Arewar da na sani

An haife ni a Sabo ta Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, wadda fataucin goro da na shanu suka raya. A waje Yarbanci muke yi da abokan wasa, a makarantar boko Turanci, a makarantar allo Larabci. Hausa sai an shigo gida, ita ma a gauraye. Har na kai shekara 15 ban taɓa haye kogin Kwara ba. Duk Arewar da na sani, a bakin kakata na san ta.

Kaka ita ce mahaifiyar Baba. Aure ne ya kawo ta Kudu daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, ta kuma zauna har ƙarshen rayuwarta. Bayan sallar isha'i takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mu kewaye ta, ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," mu amsa da ƙarfi, "Ta zo mu ji ta." Da rana kuwa ko kuka za mu yi ba ta yi mana, wai duk wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa. Sai da na girma na gane dabara ce ta hana yara gudun aike.

A kan wannan tabarma na fara jin kalmomi irin su rumbu da burtali da akushi da ƙirgi, abubuwan da babu su a gidanmu. In na tambaya sai ta ce, "Angon nawa, kai dai ji labari, za ka gan su." Haka kuwa aka yi, na riƙa ganin su da idon zuci. Ban taɓa ganin kura ba, amma na san tsoronta da kwaɗayinta, har ɗingishinta na sani. Ranar da aka kai mu gidan zu daga makaranta na gan ta a keji, sai na ga ta yi mini ƙanƙanta. Kurar Kaka ta fi ta girma nesa ba kusa ba.

Daren 'yar bora

Ina da shekara 9 aka kawo mana wata yarinya riƙo daga ƙauye, 'yar ƙanen Baba da ya rasu. Sa'ata ce, amma ba ta jin Yarbanci, ba ta san garin ba, kullum a takure take. Ba wanda ya ce a ƙuntata mata, sai dai a hankali duk aikin da kowa ya ƙi ya koma kanta. Mu yara kuma muka mayar da ita abin tsokana.

Wata rana ina buga ƙwallo a ɗakin Inna, abin da aka sha hana ni, sai na fasa mata kwanon tangaran na cikin jerenta, wanda tun na aurenta ne. Da aka tambaya na ce yarinyar nan ce ta fasa garin shara. Ta rantse, ba a saurare ta ba. Aka doke ta, ta shige lungun ɗakin girki ta ƙi cin tuwon dare. Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi, ba ta ce uffan ba.

Da dare ta shimfiɗa tabarma kamar kullum, ta ɗauko tatsuniyar Ruwan Bagaja. Wani mutum ne da matansa biyu, mowa da bora, kowace da 'yarta. 'Yar mowa ta ɓata ƙirgin da suke kwana a kai, aka ɗora wa 'yar bora, aka kore ta aka ce kada ta dawo sai ta wanko shi a Ruwan Bagaja, ruwan da ba wanda ya san inda yake. Na sha jin wannan tatsuniya, amma a daren nan Kaka ba ta yi sauri ba. Ta tsaya a kan ƙayar da ke sukar ƙafar yarinyar, da nauyin ƙirgin a kanta, da yunwar da ke cin ta, da yadda take waiwayen gida ko wani zai kira ta, ba wanda ya kira. Ta kai ta bakin wani kogi rana ta faɗi, sai ta yi hamma ta ce, "Sauran sai wani jiƙon, barci nake ji."

Muka yi ta roƙo. Ni na fi kowa naci, na ce, "Kaka, don Allah ki dawo da ita gida mana." Ta dube ni a hasken fitilar ƙwai ta ce, "Angon nawa, ai ba ni na sa aka kore ta ba. Wanda ya sa aka kore ta, shi zai dawo da ita." Ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Daren nan ban runtsa ba. Duk lokacin da na rufe ido sai in ga yarinya a bakin kogi cikin duhu, fuskarta kuwa ta 'yar'uwata ce. Da asuba na sami Inna tana hura wuta na faɗa mata gaskiya. Na sha bulalar da ta fi wadda aka yi wa yarinyar, Inna kuma ta je da kanta ta rarrashe ta. Da dare Kaka ta ƙarasa tatsuniyar, 'yar bora ta dawo gida a kan doki da dukiya mai yawa, 'yar'uwata tana zaune a jikinta tana murmushi. Daga ranar aka raba aikin gida daidai a tsakaninmu, ba tare da wani ya yi dogon jawabi ba.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa Kaka ta bi wannan hanya. Da ta ce ta ga lokacin da na fasa kwanon, da na musa, domin wanda aka tuhuma kare kansa yake fara yi. Da ta yi wa Inna faɗa a gaban yara, da ta keta kunyar da ke tsakanin suruka da matar ɗa. Sai ta yi mana hannunka mai sanda. Labarin ya shige ni ban shirya masa ba, na ji ƙayar a ƙafata, na ji yunwar a cikina, na yanke wa 'yar mowa hukunci tun kafin in farga cewa ni ne ita. Ba a taɓa yin wata 'yar bora da ta ɗauki ƙirgi zuwa Ruwan Bagaja ba, amma a gidanmu an yi marainiyar da ta kwana da yunwa saboda ƙaryata. Tatsuniyar da Baba ya kira ƙarya, ita ce ta tono ƙaryar tawa.

Abin da na tarar a aji

Da muka fara darasin tarihin rubutaccen zube, sai na gane tambayar Baba ta girme shi. A 1933 Rupert East, Baturen da ke kula da aikin talifi a Zariya, ya shirya gasar ƙaga labari da Hausa, ya zagaya garuruwa yana neman malamai su shiga. Shi da kansa ya bayyana a wata maƙala da ya buga a 1936 cewa ya sha wuya kafin ya shawo kansu, domin a ganinsu ba da labarin da bai faru ba aikin mata da yara ne, bai dace da malami ba. Duk da haka gasar ta haifar da littattafai 5 da aka fara bugawa daga 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

Na yi mamaki da na ga sunan tatsuniyar Kaka a bangon littafi. Imam, wanda yake saurayi ɗan shekara 22 a lokacin gasar, ya ɗauki sunan ruwan ya gina masa wani labari dabam, na Alhaji Imam da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Wanda kuwa ya fi kama ni shi ne littafin farko na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, ɗan sarki Musa yana neman fita ya bi sawun rundunar, abin da zai jefa shi cikin halaka. Bayin da aka sa tsaronsa ba su da ikon hana shi. Aku ne ya riƙa tsayar da shi da labari, dare bayan dare, har gari ya waye. Da na karanta sai na tuna da Kaka da hammarta. Aku ya yi amfani da labari ya zaunar da yaro, ita kuma ta yi amfani da shi ta tayar da ni.

Wani alfanun karatun Hausa a nan Kudu shi ne muna zaune da masu nazarin wasu harsuna. Wata 'yar ajinmu Bayarabiya ta ba ni labarin kunkurunsu Ijapa, na ga ashe Gizo ne ya sake riga. Ta nuna mini littafin D. O. Fagunwa na 1938, Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale, labarin maharbin da ya kutsa dajin aljanu, wanda Wole Soyinka ya mayar Turanci a 1968. Wani abokina Ibo ya kawo mini zancen Omenuko na Pita Nwana, wanda ya fito a 1933. Ke nan cikin 'yan shekaru kaɗan manyan harsunan nan uku suka kwashe labari daga tsakar gida suka zuba shi a takarda.

Daga takarda zuwa fim

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama ne a Kano da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Mu da muka taso daga baya a faifai muka riski tsofaffin finafinan, domin Inna ba ta gajiya da kallon Sangaya, wanda ya fito a 1999. Labarin Zubaina ne, 'yar aikin gidan sarauta da Yarima yake wulaƙantawa, daga baya ya kamu da sonta. In ka cire waƙa da rawar da aka aro daga finafinan Indiya, 'yar bora ce ta dawo. Na sha ganin Inna tana share hawaye saboda Zubaina, alhali ta san sarai 'yar wasa ce, an kuma biya ta kuɗin aikinta.

Sai dai akwai bambanci tsakanin tabarma da akwatin talabijin. A tabarma ni ne mai zana hoton, shi ya sa kowane yaro da irin tasa kurar. A fim kuwa an riga an zana mini, aikina kallo ne kawai, kuma abin da ido ya gani yana da wuyar gogewa. Da na je Kano karon farko na yi zaton zan tarar da manyan falo da motoci da lambuna irin na fim. Na tarar da ƙura da cunkoso da mutane suna fafutukar abinci kamar yadda ake yi a Ibadan. Sai da na yi kwanaki kafin in daina jin haushin garin, in fara ganin kyansa na gaskiya a Kurmi da marinar Ƙofar Mata da kan Dala.

Wannan ruɗin mai sauƙi ne. Akwai wanda ya fi shi ciwo. A makonmu na farko a ɗakin kwanan ɗalibai, wani ɗan ɗakinmu ya ji ina Turanci da Yarbanci sai ya ce shi bai yarda ni Bahaushe ba ne. Na tambaye shi dalili, ya ce Bahaushen da ya sani maigadi ne mai ɗan rediyo a kunne, wanda ba ya iya haɗa jimla ɗaya ta Turanci. Bai taɓa zuwa Arewa ba, a finafinan Kudu ya san mu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma da na kwanta sai na tambayi kaina, mu fa? Yaya Bayarabe da Ibo da Bagware suke fitowa a finafinanmu na barkwanci? Gurɓatacciyar Hausa da hayaniya da son kuɗi, mu kuma mu yi ta dariya. Marubuciya Chimamanda Ngozi Adichie ta yi wani sanannen jawabi a 2009 a kan haɗarin sanin mutane ta labari guda ɗaya tak. Ƙarfin da ya sa na ji tausayin marainiya cikin dare ɗaya, shi ne yake iya sa mutum ya raina al'umma sukutum bai taɓa zama da ko mutum ɗaya daga cikinta ba. Saboda haka ba na cewa kowane labari alheri ne. Wuƙa ce, da ita ake fiɗa, da ita kuma ake yanka.

Ina muka tsaya?

A hutun bara aka yi wa Baba aikin yanar ido, likita ya hana shi zuwa kasuwa na wasu makonni. Zaman ya ishe shi. Ni kuma ina da jarrabawa a kan Shaihu Umar, na kuwa saba karatu da ƙarfi, sai na riƙa zama a bakin zaure ina yi. Ya tambaye ni littafin wane ne. Na ce na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya gyara zama ya ce, "Firayim Minista? Shi ma ya rubuta irin wannan?" Na ce e, tun yana malamin makaranta. Ya yi shiru, can ya ce in ɗaga murya.

Na karanta masa yadda aka sace Umar yana yaro, yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim aka ƙetare Sahara da shi, da yadda mahaifiyarsa ta bar komai ta bi sawunsa har ita ma aka bautar da ita. Muna cikin wahalar uwar sai na ji ya ce in dakata. Ya daɗe bai yi magana ba. Sa'an nan ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba a gidanmu: kakarsa, wato mahaifiyar Kaka, mahara ne suka ɗauke ta a bakin gona tana ƙaramar yarinya. Har ta rasu ba ta san sunan garinsu ba, tsagar fuskarta kaɗai ce shaidar asalinta. Ya ce tun yana yaro yake jin zancen, amma bai taɓa tunanin uwar da aka bari a gida tana jira ba sai yau.

A nan na fahimci abin da ya sa Kaka take tsayawa a kan waiwayen 'yar bora, da abin da ya sa ba ta taɓa barin ta a daji fiye da kwana ɗaya ba. Tarihi ya gaya mana an yi cinikin bayi ta Sahara, amma ƙagaggen labari ne ya sa dattijo mai shekara sittin da ɗoriya ya ji zafin abin a jikinsa. Na gaya masa an mayar da littafin fim a 1976 ƙarƙashin jagorancin Adamu Halilu, an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin da ke Jamus a 2018. Ya ce shi dai in ci gaba da na takardar.

Ba zan ce muku Baba ya janye maganarsa ba. Har yau yakan tambaye ni aikin da zan samu da wannan digiri, kuma tambaya ce da ke kan hanya. Amma washegari bayan la'asar, ina wucewa ta zaure, sai na ji ya yi gyaran murya ya ce, "Kai, ina muka tsaya jiya?"

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, abu biyu nake roƙon mu. Na farko, Kaka ta rasu ina aji biyar na sakandare, da waya a aljihuna, amma ban taɓa naɗar muryarta ko sau ɗaya ba. Abin da na riƙe daga tatsuniyoyinta bai kai rabi ba, waƙoƙin ciki kuwa yawancinsu sun tafi tare da ita. Duk wanda yake da tsohuwa ko tsoho a gida, ko da wane harshe suke magana, ya zauna da su a wannan hutu, ya naɗa, ya rubuta. Na biyu, a cikinmu ne za a sami marubuta da masu tsara labarin fim da malaman da za su zaɓa wa yara abin karantawa. In mun tashi ƙaga labari, mu tuna akwai yaron da ta bakinmu kaɗai zai san wata ƙabila ko wani gari, kamar yadda na san Arewa ta bakin Kaka, kamar kuma yadda ɗan ɗakinmu ya san Bahaushe ta fim.

'Yar'uwar tawa yanzu tana gidan mijinta da 'ya'ya biyu. Da na kai mata ziyara kwanan baya na tarar ta shimfiɗa musu tabarma bayan isha'i, ni ma na nemi gefe na zauna. Allah ya jiƙan Kaka, ya sa aljanna ce makomarta, amin.